Gyara da adana rufin kafiretar tsofaffin motoci

Gyara da adana rufin kafireta wani reshe ne na sana'ar farfaɗo da tsofaffin motoci, wanda ya shafi tsabtace jikin kafireta, mayar mata da launinta na asali, da kuma kare ta daga lalacewa. Kalmar rufi a nan tana nufin siririn shafen da masana'anta ke yi wa fuskar ƙarfen kafireta kafin ta bar kamfani. A yawancin kafiretocin da aka ƙera daga shekarun 1930 zuwa shekarun 1980, wannan rufi ba fenti ba ne. Sinadari ne da ya haɗu da fuskar ƙarfen ya zama ɓangarenta, kuma kaurinsa yakan gaza maikuron 1, wato kashi ɗaya cikin dubu na milimita. Saboda wannan rashin kauri, wanki ɗaya da sinadarin da bai dace ba ya isa ya shafe rufin da ya yi shekara 50 yana kare ƙarfe. Sana'ar ta fi bunƙasa a Amurka da ƙasashen Turai, inda ake da ƙungiyoyin masu tara tsofaffin motoci da gasannin da ake duba mota har zuwa launin notinanta.

Asalin suna

Kafireta, wadda wasu makanikai ke kira kabireta, kalma ce da Hausa ta aro daga Turanci. A Turancin kuma ta samo asali ne daga wata tsohuwar kalmar ilimin sinadarai mai nufin haɗa wani abu da kabon, domin aikin na'urar shi ne sanya wa iska fetur, wanda sinadari ne na kabon da haidurojin. Kamar sauran kalmomin gareji, irin su totur, cok, filogi da salansa, an gyara furucinta ya dace da tsarin gaɓar Hausa.

Aikin kafireta da tarihinta

Kafireta na'ura ce da ke gauraya fetur da iska kafin su shiga silindar inji. Iskar da inji ke zuƙa tana bi ta wani maƙogwaro mai tsukewa a tsakiya. Idan ta iso wurin tsukewar sai gudunta ya ƙaru, matsinta ya ragu, sai ta janyo fetur daga wani ɗan kwano ta cikin ƙananan kafofi da ake kira jet. Ana danganta wannan ka'ida ga masanin nan ɗan Italiya, Giovanni Battista Venturi, wanda ya yi bayaninta a shekarar 1797. Domin fetur ya ƙone sarai, ana buƙatar iska mai nauyin kusan kashi 14.7 ga kowane kashi 1 na fetur.

A shekarar 1893 Wilhelm Maybach a Jamus ya ƙera kafireta mai fesa mai ta jet, kuma a wannan shekarar ce János Csonka da Donát Bánki a ƙasar Hangari suka yi rajistar tasu. Daga baya kamfanoni na musamman suka karɓe aikin. A Amurka akwai Holley, da Carter na birnin St. Louis wanda aka kafa a 1909, da Stromberg, da Rochester wanda reshe ne na General Motors. A Ingila akwai SU da aka kafa a 1910, a Faransa akwai Solex da Zenith, a Italiya kuma akwai Weber wanda Edoardo Weber ya kafa a Bologna a 1923.

Dokokin rage hayaƙi ne suka kawo ƙarshen kafireta a sababbin motoci. Zuwa farkon shekarun 1990 injekta ta maye gurbinta a kusan dukkan motocin da ake sayarwa a Amurka da Yammacin Turai. Kamfanin Carter ya rufe masana'antarsa a tsakiyar shekarun 1980. Wannan ya sa yawancin nau'o'in kafireta na da ba a ƙera sababbinsu, kuma wadda ta lalace sai dai a nemo tsohuwa irinta. A nan ne adana waɗanda suka rage ya samu muhimmanci.

Ƙarafan da ake ƙera ta da su

Ba za a iya gyara rufin kafireta ba sai an san irin ƙarfen da ke ƙarƙashinsa, domin sinadarin da ke wanke wani ƙarfe yana iya cinye wani.

Tagulla da baƙin ƙarfe. Kafiretocin farko, na kafin shekarun 1930, da yawansu da tagulla aka zuba su ko da baƙin ƙarfe na zubi. Ko bayan an sauya, an ci gaba da yin gindin wasu da baƙin ƙarfe. Misali Stromberg 97, wadda aka sa wa injin Ford V8 a tsakiyar shekarun 1930, gindinta baƙin ƙarfe ne, samanta kuma tutiya.

Gaurayen tutiya. Wannan shi ne ƙarfen da aka fi amfani da shi. Wanda ya fi shahara shi ne Zamak, wanda kamfanin New Jersey Zinc ya fito da shi a 1929. Sunan ya fito ne daga haruffan farko na sunayen tutiya, alminiyum, magniziyum da jan ƙarfe a harshen Jamusanci. Kusan kashi 4 cikin 100 nasa alminiyum ne. Yana narkewa a zafin da bai kai digiri 400 na ma'aunin Salshiyas ba, saboda haka yana da sauƙin zubawa a cikin ma'auni mai ƙananan hanyoyi. Illarsa ita ce yana da nauyi, yana lanƙwasa a hankali idan an daɗe ana matse shi, kuma asid da sinadarai masu kaifin kanwa duk suna cin sa.

Alminiyum. Daga shekarun 1950 kamfanoni suka ƙara karkata ga alminiyum saboda rashin nauyinsa. Carter AFB, wadda ta fito a 1957, jikinta alminiyum ne, haka nan Autolite 4100 ta kamfanin Ford da Weber DCOE da yawancin kafiretocin SU na bayan yaƙin duniya na biyu.

Roba mai tauri. Carter Thermoquad, wadda aka sa wa motocin Chrysler a shekarun 1970, kwanon manta baƙar roba ce mai tauri da ake kira fenolik, domin kada zafin inji ya tafasa fetur.

Kafireta ɗaya takan haɗa ƙarafa uku ko huɗu. Rochester Quadrajet, wadda ta fito a 1965, murfinta da kwanonta tutiya ne, gindinta alminiyum, jet-jet ɗinta tagulla, sandunan totur da notina kuma ƙarfe.

Ire-iren rufi na asali

Rinin kuromet. Launin ruwan zinare mai sirkin kore da ake gani a jikin kafiretocin Holley da Rochester ya samu ne ta hanyar tsoma tutiya na ɗan lokaci a cikin ruwan da aka haɗa da gishirin daikuromet da ɗan asid. Asid ɗin yana narkar da fuskar tutiyar kaɗan, sai sinadaran kuromiyum su kwanta a wurin su zama wata fata mai laushi wadda take taurara idan ta bushe. Kamfanin New Jersey Zinc ne ya yi rajistar wannan dabara a 1936 da sunan Cronak. Aikin ya yi kama da rini, domin tsawon lokacin tsomawa da ƙarfin ruwan su ne ke sa launi ya yi haske ko ya yi duhu. Shi ya sa kafiretoci biyu na kamfani ɗaya da shekara ɗaya ba lallai launinsu ya zo daidai ba.

Rinin kuromet yana da wata siffa da fenti ba shi da ita. A cikinsa akwai ragowar sinadarin kuromiyum-6 mai narkewa a ruwa. Idan an karce wurin kuma danshi ya taɓa shi, sinadarin yakan gangaro ya sake rufe karcen. Amma zafi yana busar da wannan fata ya tsattsage ta, kuma ƙarfin kariyarta yana raguwa idan ta daɗe a zafin da ya wuce kimanin digiri 70. Saboda haka kafiretar da ta yi shekaru a kan inji launinta yakan koɗe ya koma ruwan toka mai ɗan kore.

Alminiyum tsirara. Yawancin kafiretocin alminiyum ba a rina su ba. Alminiyum da kansa yake yin wata siririyar fata idan ya haɗu da iska, kuma ita ce ke kare shi. Abin da masu gyara ke ƙoƙarin adanawa a nan shi ne yanayin fuskar zubi, wato ɗan kaushi da layukan da ma'aunin zubi ya bari. Akwai kuma rinin kuromet na alminiyum da ake sayarwa da sunaye irin su Alodine da Iridite.

Rufin ƙananan ƙarafa. Sandunan totur, marikai, da notina akan shafa musu kadmiyum ko tutiya ta hanyar lantarki, wani lokaci a ƙara musu rinin kuromet su yi rawaya. Wasu kuma ana baƙanta su da sinadarin fosfet ko baƙin oksaid. Gindin baƙin ƙarfe yakan zo da baƙin fenti ko baƙin shafen sinadari.

Abubuwan da ke lalata rufi

Farar tsatsa. Tutiya da alminiyum ba sa yin jar tsatsa kamar ƙarfe. Suna yin wani farin gari ne idan danshi ya zauna a kansu babu iska. Idan an goge garin sai a ga ƙananan ramuka a ƙarƙashinsa. Ramukan da ke cikin kwanon mai sun fi haɗari, domin garin yana toshe jet, kuma idan ramin ya zarce fetur zai riƙa tsattsafowa a kan inji mai zafi, abin da kan jawo gobara.

Tsohon fetur. Idan mota ta daɗe a ajiye, sassan fetur masu saurin tashi sukan bi iska, ragowar ta zama wani danƙo mai ruwan ƙasa da ke manne wa ƙarfe.

Itanol. Fetur mai kashi 10 cikin 100 na itanol, wanda ake kira E10, ya zama ruwan dare a Amurka, kuma ya zama fetur na yau da kullum a Ingila daga watan Satumba na 2021. Itanol yana zuƙar ruwa daga iska. Idan ruwan ya yi yawa sai ya rabu da fetur ya kwanta a ƙasan kwano, inda yake cin tutiya da alminiyum.

Haɗuwar ƙarafa daban-daban. Idan tagulla ko ƙarfe ya manne da tutiya kuma akwai danshi a tsakani, wata 'yar wutar lantarki takan gudana kamar a cikin batir, kuma tutiyar ce ke cinyewa. Shi ya sa lalacewa ta fi yawa a kewayen jet da ramukan noti.

Ciwon tutiya. Wasu tsofaffin zubi, musamman na kafin shekarun 1950, an yi su da tutiyar da ke da gurɓin dalma. Da tafiyar shekaru ƙarfen yakan kumbura daga ciki, ya tsattsage, ya ruguje. Wannan ba shi da magani, sai dai a rage saurinsa ta hanyar ajiye kafiretar a busasshen wuri.

Wankin da bai dace ba. Masu gyara suna ɗaukar wannan a matsayin babban abin da ke kashe rufi na asali. Kostik soda da sabulun wanke murhu suna narkar da alminiyum da tutiya, su bar fuskar ta yi baƙi. Ruwan khal da ruwan batir suna cire rinin kuromet nan take. Buroshin waya da sanfefa suna kankare shi, kuma suna shafe lambobin da aka buga a jiki.

Matakan gyara

Tantancewa. Kafin a kwance komai ana ɗaukar hoton kafireta ta kowane gefe, a rubuta lambobinta. A jikin Holley lambar tana bisa bangon cok, tare da lambar ranar ƙira. Tsofaffin Rochester da Carter suna da ɗan allon ƙarfe da aka ɗaura da noti, daga baya Rochester ta koma buga lambar a jikin kwano. A wajen Solex da Weber, lambar farko ta sunan tana nuna faɗin maƙogwaro da milimita, kamar 34 a Solex 34 PICT-3 ko 40 a Weber 40 DCOE. Waɗannan lambobi su ne ke tabbatar da cewa kafiretar ta motar ce tun asali. Wuraren da rana da mai ba su taɓa ba, kamar ƙarƙashin gasket, sukan riƙe launin asali, kuma da su ake gwada sabon rini.

Kwancewa. Ana jiƙa notina da mai mai ratsa tsatsa, a yi amfani da sukurudireba mai daidai bakin noti, domin tagulla tana da laushi. Ana ware sassan bisa ga ƙarfensu. Roba, fata da gasket ba sa shiga ruwan wanki.

Wankewa. Ka'idar da ake bi ita ce a fara da abu mafi sauƙi. Kananzir ko makamancinsa da buroshi mai laushi suna cire maiƙo ba tare da sun taɓa rini ba. Injin wanki mai girgiza ruwa da sauti, wanda yawanci ke aiki a kimanin kilohaz 40, yana fitar da datti daga ƙananan hanyoyin da hannu ba ya kaiwa. Ana amfani da ruwa mai ɗumi da sabulu marar kaifi, kuma ba a barin tutiya ta daɗe a ciki, domin ruwan zafi ma yana rage launi. Bayan wanki ana ɗauraye sassan, a busa kowace hanya da iskar kwampreso. Ba a zura waya a cikin jet, domin ƙarin faɗi kaɗan yana sauya yawan man da inji ke sha. Ruwan tsoma kafireta na da yana ɗauke da sinadarin metilin kulorayid, wanda hukumar kare muhalli ta Amurka ta haramta yawancin amfani da shi a 2024.

Fesawa. Idan rufin ya riga ya mutu, akan fesa wa jikin wani gari da ƙarfin iska domin a cire farar tsatsa. Garin bakin soda shi ne mafi sauƙi, kuma yana narkewa a ruwa, don haka ba ya maƙalewa a ciki. Ɓawon gyaɗar turawa da aka niƙa shi ma ba ya cin ƙarfe. Ƙwayoyin gilashi suna aiki da sauri, amma suna sauya yanayin fuskar, kuma ƙwaya kaɗan da ta ɓuya a wata hanya tana iya shiga inji daga baya. Akwai kuma fesawa da ruwa haɗe da gari, wadda ke barin alminiyum da sheƙi mai laushi. Yashi ba ya cikin abin da ake amfani da shi.

Gyaran jiki. Ana yin wannan kafin rini. Fuskar da ta lanƙwasa saboda yawan ɗaure noti ana daidaita ta a kan shimfiɗaɗɗen gilashi ko dutse. Ramin sandar totur da ya sassauta, wanda ke barin iska ta shiga ta ɓarauniyar hanya, ana faɗaɗa shi a sa masa zoben tagulla. Zaren noti da ya cinye ana sa masa sabon zare na waya, kamar Helicoil. Walda a kan tutiya tana da wuya ƙwarai, domin ƙarfen yakan zube gaba ɗaya ba tare da ya yi ja ba.

Sabon rini. Ana tsabtace tutiya sarai, a tsoma ta a asid mai rauni domin fuskar ta buɗe, a ɗauraye, a tsoma a ruwan kuromet na daƙiƙu kaɗan, a sake ɗaurayewa, sannan a shanya a iska marar zafi. Sabon rini yana da laushi, yatsa ma na iya goge shi, saboda haka akan bar shi kimanin awa 24 kafin a taɓa. Tsohon zubi ba ya karɓar rini daidai da sabo, domin shekaru sun sauya fuskarsa. Wasu masu gyara sukan fara shafa masa sabuwar tutiya ta lantarki, amma launin da ke fitowa yakan fi na asali ƙyalli da rawaya.

Hanyoyin da ke maye gurbin rini

Akwai fenti na musamman da ake yi domin ya kwaikwayi launin kuromet, irin wanda kamfanin Eastwood ke sayarwa. Yana da araha kuma ba ya buƙatar wurin aiki na musamman, amma yana rufe yanayin zubi, kuma fetur yana iya ɗaga shi idan ya daɗe yana ɗiga a kai. Ba a fesa fenti a cikin maƙogwaro ko kwanon mai.

Fentin gari, wanda ake gasawa a kimanin digiri 180 zuwa 200, yana da ƙarko, amma zafin yana iya lanƙwasa tutiya ko ya fito da iskar da ke ɓoye a cikin zubi ta yi ƙuraje. Farin shafe mai kama da gilashi yana riƙe sheƙin alminiyum na wani lokaci, sai dai wasu nau'o'insa suna komawa rawaya da zafi.

Goge ƙarfe har ya yi kamar madubi, ko shafa masa kurom mai ƙyalli, al'ada ce ta masu ƙawata motoci a Amurka tun bayan yaƙin duniya na biyu. Masu motocin Ingila irin su MG da Jaguar su ma sukan goge murfin kafiretar SU. Ana goge bayan murfin ne kawai, domin cikinsa an daidaita shi da fistin ɗin da ke hawa da sauka a ciki, kuma idan tazarar ta ƙaru kafiretar ba za ta yi aiki daidai ba.

Lafiya da dokoki

Sinadarin da ke ba rinin kuromet ƙarfinsa shi ne kuma haɗarinsa. Hukumar binciken ciwon daji ta duniya, IARC, ta sanya kuromiyum-6 da kadmiyum a rukuni na 1, wato abubuwan da aka tabbatar suna jawo wa ɗan Adam ciwon daji. Shaƙar tururin kuromiyum-6 yana da alaƙa da ciwon dajin huhu, yana kuma yi wa fata da cikin hanci gyambo. Kankare ko ƙona ƙarfen da aka shafa wa kadmiyum yana fitar da ƙura da hayaƙi masu illa ga huhu da ƙoda. Ruwan rinin da aka gama amfani da shi guba ne ga ƙasa da ruwan sha, kuma ba a zubar da shi a kwata.

Dokar Tarayyar Turai ta shekarar 2000 kan motocin da suka gama aiki ta hana amfani da kuromiyum-6 a rufin kariyar sassan sababbin motoci daga ranar 1 ga Yuli 2007. Daga watan Satumba na 2017 kuma, amfani da gishirin sodiyum daikuromet a ƙasashen Tarayyar sai da izini na musamman. Masana'antu sun koma ga kuromiyum-3, wanda haɗarinsa bai kai na farko ba, amma launinsa ya bambanta, kuma ba ya rufe karce da kansa kamar na da. Sakamakon haka wuraren da ke iya yin rinin irin na asali suna raguwa, kuɗin aikin yana ƙaruwa.

Sabuntawa ko adanawa

Akwai ra'ayi biyu a tsakanin masu tsofaffin motoci. Na farko yana son a mayar da kafireta kamar ranar da ta fito daga kamfani. Ƙungiyoyi irin su ta masu farfaɗo da motar Corvette a Amurka, NCRS, wadda aka kafa a 1974, suna da littattafan alƙalanci da ke bayyana lamba da launin da ya kamata kowane sashe ya kasance da shi, kuma ana rage maki idan ƙyalli ya wuce na asali.

Ra'ayi na biyu yana ganin rufin asali, ko da ya koɗe, shaida ce ta tarihi wadda ba a iya maido da ita idan an cire. Ƙungiyar tsofaffin motoci ta duniya, FIVA, wadda ke ɗaukar abin hawa a matsayin na tarihi idan ya kai shekara 30, ta fitar da Yarjejeniyar Turin da ta fara aiki a 2013. Yarjejeniyar ta ƙarfafa adana kayan asali, da rubuta duk wani sauyi da aka yi. Gasar Pebble Beach ta Kalifoniya, wadda aka fara a 1950, tana da rukunin motocin da ba a sabunta ba, kuma a 2024 wata Bugatti Type 59 ta 1934 daga wannan rukuni ta lashe babbar kyautar gasar, karo na farko da hakan ta faru.

A aikace yawancin masu gyara suna bin tsakiya. Idan rinin yana nan kuma babu farar tsatsa, sai a wanke shi a hankali a sauya gasket da sassan ciki kawai. Idan ƙarfen ya riga ya tsiraita, sabon rini ya zama dole, domin tutiya tsirara ba ta daɗewa.

Kulawa bayan gyara

Abin da ya fi kare rufi shi ne hana fetur da ruwa zama a kansa. Ana toshe duk wani yoyo da wuri, a goge abin da ya ɗiga da tsumma mai laushi. Feshin wanke kafireta na gwangwani an yi shi ne domin ciki, kuma yawan fesa shi a waje yana dusashe fenti da rini. Wasu suna shafa ɗan kaki ko mai marar nauyi a jiki domin kare shi daga danshi. Ana ɗaure notina a hankali, ɗaya bayan ɗaya ta fuskoki masu kallon juna, domin kada murfi ya lanƙwasa. Faifan da ke hana zafi, wanda ake sawa tsakanin kafireta da inji, yana rage tafasar mai.

Idan za a ajiye mota na watanni, akan tsiyaye kwanon mai ko a zuba wa fetur sinadarin da ke hana shi lalacewa, a kuma nemi fetur marar itanol inda ake samunsa. Kafiretar da aka cire ana busar da ita sarai, a sa ta a jaka tare da ƙullin sinadarin da ke shanye danshi, a ajiye nesa da batir da sauran abubuwa masu tururin asid.

A Najeriya

Motoci masu kafireta sun daɗe a kan titunan Najeriya fiye da na Turai. Kamfanin Peugeot na Kaduna, wanda ya fara aiki a 1975, ya harhaɗa Peugeot 504, wadda Hausawa ke kira Fijo, har cikin shekarun 2000, kuma kamfanin Volkswagen na Legas ya harhaɗa Beetle daga 1975. Kafiretar Solex ce aka fi sani a jikin waɗannan motoci. Babura da ƙananan janareto da yawa har yanzu da kafireta suke aiki, don haka wanke ta aiki ne na kullum a gareji. A nan an fi mayar da hankali ga tashin inji da shan mai, ba launin jiki ba. Duk da haka ka'idojin ɗaya ne: ƙurar hunturu tana cin sandar totur idan matatar iska ta lalace, danshin damina da fetur mai ruwa suna kawo farar tsatsa, kuma kafiretar da aka kankare da waya ko aka jiƙa a asid ta fi saurin yin ramuka.

Duba kuma

Kafireta
Injin fetur
Tutiya
Alminiyum
Tsatsa
Peugeot 504